NEMAN MATAKALAR MOTA A BIRNIN IKKO: DAGA LADIPO ZUWA KASUWAR AMU

Duk wanda ya san birnin Ikko, watau Legas, ya san gari ne da ruwa ya yi wa ƙawanya. Teku na kudu, babban tafki na gabas, ƙasar kuwa galibinta rairayi ce da fadama. Saboda haka da wuya a sami titin unguwa wanda ba shi da lambatu a gefensa, kuma da wuya a sami ƙofar gida wadda ba a ɗora wa 'yar gadar siminti a kan lambatun nan ba. Sa'ad da damina ta kankama, daga watan Afrilu zuwa Yuli, ruwa kan rufe ramukan titi har direba ya rasa inda zai sa taya. A unguwanni da yawa an yi ta cika titi ana ɗaga shi, har ya zamana ya fi farfajiyar gida tudu, mai shiga gida da mota sai ya hau sa'an nan ya gangara.

Babu wanda wannan hali ya fi damu kamar mai mota mai ƙasa-ƙasa, watau wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Kullum yana cikin jin ƙarar gurza a ƙarƙashinsa, yau salansa ta daki gadar ƙofar gida, gobe kaskon baƙin mai ya gogi dutse, jibi robar da ta rufe ƙasan inji ta yage tana jan ƙasa. Kowace irin ɓarna daga cikin waɗannan ba a ganinta sai an shiga ƙarƙashin mota, ko juye baƙin mai ma haka ne. To, a nan ne fa gizo ke saƙa, domin motar da ta fi bukatar a duba cikinta ita ce kuma ta fi wuyar ɗagawa.

DAGA FIJO ZUWA TOKUMBO

Dattawan direbobi ba su san wannan damuwa ba a zamaninsu. A shekarar 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna, kuma a shekarar ce aka fara harhaɗa Volkswagen a Ojo, kan hanyar Ikko zuwa Badagiri, inda har yanzu a ke kiran tashar motar wurin da sunan kamfanin. Fijo 504 da ta fito daga Kaduna mota ce mai tsayin ƙafa, an san ta da jure wa hanyar ƙauye, siririn bakanike kan shige ƙarƙashinta ya kwance abin da zai kwance ba tare da an ɗaga ta ba.

Bayan da aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a shekarar 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, sai jama'a suka koma ga tsofaffin motocin Turai da Amurka. Yarabawa suka raɗa musu suna tokumbo, watau abin da ya ƙetaro teku. Motocin nan, irin su Toyota Camry da Corolla da Honda Accord, an ƙera su ne don shimfiɗaɗɗun tituna, an kwantar da su ƙasa domin su rage shan iska da shan mai. Tsakanin cikinsu da ƙasa inci 5 ne zuwa 6, alhali kuwa Hilux ta haura inci 8. In aka ƙara da fasinja huɗu da buhun shinkafa a but, ko kuwa shakazoba ta gaji, sai tazarar ta ƙara raguwa.

Abin da a ke ɗaga irin wannan mota da shi cikin kwanciyar rai shi ne matakalar mota, wadda 'yan kasuwa ke kira ram. Guda biyu ce a ke ajiyewa a gaban tayoyi, kowace da gangaren hawa da kuma shimfiɗaɗɗen kai, direba ya hau a hankali har tayoyin gaba su zauna a bisa. Amfaninta shi ne mota na zaune a kan tayoyinta, ba a rataye ta ke ba. Abu ne mai sauƙi a ido, amma wanda ya fita nemansa a Ikko domin mota mai ƙasa-ƙasa zai sha yawo, kuma yawon nan daga Mushin ya kan fara.

HANYAR LADIPO

Baƙon da ya sauka a babbar tashar Oshodi, wadda aka buɗe a shekarar 2019, sai ya nemi danfo mai bin babbar hanyar Apapa, ya ce a sauke shi a tashar Toyota. Daga nan ƙafa ce za ta yi aiki, ko kuwa keke mai ƙafa uku, domin a watan Satumba na 2022 Gwamnatin Jihar Legas ta sa Mushin da Oshodi cikin wuraren da aka hana haya da babur. Wanda ya zo ranar Alhamis kada ya yi sammako, gama safiyar ranar ta shara ce a kasuwannin Ikko, ba a buɗe rumfuna sai wajen ƙarfe 10.

Ladipo ba kasuwa ɗaya ba ce mai ganuwa da ƙofa. Tarin kasuwanni ne da ɗakunan ajiya waɗanda suka cinye tituna da gidajen unguwa, kowane sashe da ƙungiyarsa da irin kayansa, ana kuma lissafa ta cikin manyan kasuwannin kayan mota na Afirka ta Yamma. Nan ga injuna jere a ƙasa kamar tulunan sayarwa, can ga ƙofofi da gilasai an jingine, gaba kaɗan ga rabin mota an yanko ta daga Turai ko Japan, fitilunta da sitiyarinta duk suna nan. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai, hayaƙin janareto da ƙarar guduma ba su yankewa, 'yan dako kuwa na ratsa mutane da giyabos a ka suna ihun a ba su hanya. Cunkoso da shara sun sha jawo wa kasuwar fushin hukuma, an rufe ta a watan Fabrairu na 2013, aka sake rufe ta a ƙarshen Satumba na 2023, ba a buɗe ba sai da 'yan kasuwa suka kwashe shara suka gyara magudanai.

Galibin masu rumfuna Ibo ne, kuma akasarinsu ta hanyar bauta wa ubangida suka shigo sana'ar. Yaro kan yi shekaru yana yi wa maigidansa hidima yana koyon kaya, in wa'adi ya cika a sallame shi da jari ya buɗe tasa rumfa. Shi ya sa za a ga saurayi ya kalli ƙarfe sau ɗaya ya faɗi motar da ya fito da shekarar da aka ƙera ta. Tun daga bakin hanya kuwa 'yan baranda ke tare baƙo, da sun ga hula da doguwar riga sai kira ya tashi ta ko'ina, Alhaji, Alhaji. Su ba su da rumfa, la'adarsu a cikin kuɗin kaya ta ke. Duk da haka matambayi ba ya ɓata, mai neman matakala zai fi saurin isa in ya ce a kai shi layin masu kayan aikin gareji, inda a ke sayar da jak da sifana, maimakon ya yi ta bin rumfunan kayan gyara.

IRI UKU A KASUWA

Matakala ba kaya ba ce mai gudu a Ladipo, domin akasarin kanikawa ba su saye. Wadda a kan samu sau da yawa cikon kwantena ce, ta biyo injuna da tayoyi daga wani garejin gida a ƙasar waje. In an dace, iri uku a kan gani.

Ta farko ita ce ta ƙarfe, tsohon yayi, gajeriya mai tsayayyen hawa. Tana da ƙarfi in tsatsa ba ta ci ta ba, amma an yi ta ne a zamanin dogayen motoci. Mota mai ƙasa-ƙasa in ta tunkare ta, bamba ce ke fara isa kafin taya, sai ta tura matakalar gaba ko kuwa ita bambar ta tsage.

Ta biyu ita ce ta baƙar roba mai tauri, wadda ta yawaita a Amurka. Ba ta da nauyin ɗauka, kuma hawanta ya fi na ƙarfe kwanciya, da yawa daga cikinsu digiri 17 ne. Wannan ya ishi wasu motocin, wasu kuwa bai ishe su ba. Abin tsoro a jikinta shi ne shekaru da rana, domin roba in ta daɗe a rana ta kan yi fari ta bushe, ta tsage ba tare da ta lanƙwasa ta yi gargaɗi ba. Mai saye ya kifa ta ya duba haƙarƙarin da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya, in ya ga tsaga ko da siririya ce ya ajiye musu abinsu. Lambar da ke jikinta ma tana ruɗin mutane. In an rubuta 12,000, awon fam ne na Amurka, watau wajen kilo 5,400, kuma galibi nauyin motar gaba ɗaya a ke nufi a kan matakala biyu, ba abin da guda ɗaya za ta ɗauka ba.

Ta uku ita ce doguwa kwantacciya, wadda aka yi musamman don motocin tsere da makamantansu, hawanta wajen digiri 10 ko ƙasa da haka. Ita ce abin nema, ita ce kuma ta fi wuyar samu, domin tsawonta na cin wuri a kwantena. Wanda bai same ta a Ladipo ba a kan tura shi kasuwar 'yan kayan mota da ke filin baje koli na hanyar Badagiri, filin da aka gina a shekarar 1977, inda sababbin kayan aiki na Sin suka fi yawa. Tafiya ce mai cin yini saboda cunkoson hanya, kuma farashin kayan can yana bin dala ne sawu da ƙafa.

Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne, ko wace ya ɗauko zai rantse wa Alhaji cewa ita ce daidai da motarsa. Abin da ke raba gardama shi ne awo, kuma a gida a ke yin sa kafin a fito.

AWO KAFIN CINIKI

Ba a bukatar ilmin lissafi mai zurfi, tef ɗin tela ko na kafinta ya isa. A tsayar da mota a wuri mai baje. A auna daga inda tayar gaba ta taka ƙasa zuwa daidai ƙarƙashin leɓen bamba, sa'an nan a auna daga ƙasa zuwa leɓen nan, ko zuwa duk abin da ya fi yin ƙasa a gaban motar. Waɗannan lambobi biyu su ne za a tafi da su kasuwa.

A ɗauka, alal misali, na farko ya ba da inci 36, na biyu inci 7. Matakala mai digiri 17 tana tashi kusan inci 3 da rabi da ɗoriya a kowace ƙafa ɗaya, saboda haka in tsayinta inci 8 ne, ta gama tashi ke nan a cikin inci 26. Sa'ad da taya ke taɓa gindinta, bamba ta riga ta isa kanta, kan nan kuwa ya fi leɓen bamba tudu da inci guda. Karo ya zama tilas. Amma mai digiri 10 inci 2 da ɗan kaɗan ta ke tashi a kowace ƙafa, a nisan inci 36 ba ta kai inci 6 da rabi ba, sai bamba ta wuce ta bisa lafiya. Daga nan aka sami ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ga motoci masu ƙasa-ƙasa, watau kada hawa ya wuce inci 2 a kowace ƙafa ɗaya. Wanda motarsa ta fi haka kwanciya sai ya ƙara tsawo.

Awo na uku shi ne faɗin taya, a rubuce ya ke a gefenta. In an ga 215/55, lambar farko ita ce faɗin a milimita, watau wajen inci 8 da rabi. Lalle ne matakala ta fi taya faɗi da ɗan rara a kowane gefe, don kada rabin taya ya rataya a waje. A kasuwa kuma sai a miƙa tef a jikin kayan a gaban mai shi, a auna tsayi da tsawon gangare. Gani ya kori ji.

Wanda ya riga ya sayi mai tsayayyen hawa bai yi asara duka ba. In ya shimfiɗa katako mai kaurin inci 2 da tsawon ƙafa 2 a gabanta, taya za ta fara hawa katakon, gaban mota ya ɗan ɗaga kafin bamba ta isa. Sai dai a ɗaure katakon da matakalar, don kada su rabu a tsakiyar hawa.

WAJEN MASU WALDA

Da yawa daga masu nema kan fito daga Ladipo hannu wofi, sai su nufi masu walda, waɗanda ba a rasa su a lungunan Mushin da Matori suna ƙera ƙofofi da kejin janareto. Ƙarfen da su ke aiki da shi wani sabo ne, wani kuwa daga hannun 'yan gwangwan ya ke fitowa, masu sayen tsofaffin ƙarafa, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. Baƙo Bahaushe ba zai rasa mai yi masa jagora a cikinsu ba, balle ga Idi-Araba nan kusa, tsohon mazaunin Hausawa a gefen asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, inda zai sami masallaci da tuwo.

Mai walda zai ƙera duk abin da aka zana masa, amma in aka bar shi da ra'ayinsa gajeriya zai yi, domin ƙarfe kuɗi ne. Saboda haka mai mota ne zai faɗi awo. Don tsayin inci 8 ana bukatar gangare mai ƙafa 4, da shimfiɗaɗɗen kai mai ƙafa 1 da rabi, jimla ƙafa 5 da rabi ke nan. A yi ta da ƙarfe mai kusurwa wanda kaurinsa bai gaza milimita 5 ba, a sa mata ginshiƙi a kowace ƙafa, a kuma gicciya wasu ƙarafan a tsakanin ginshiƙan, gama doguwar matakala a tsakiya ta ke karyewa, gicciyen nan ne kuma ke hana ta kwantawa gefe. A ƙarshen kanta a tayar da ƙarfe mai tare taya. Masu dabara kan sa a yi ta gida biyu, yadda bayan mota ta hau za a zare gangaren, bakanike ya sami hanyar shiga ta gefe.

Camry nauyinta wajen kilo 1,500 ne, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin nan a gaba ya ke, inda inji ya ke zaune. Watau kowace matakala za ta ɗauki kimanin kilo 450, ban da girgizar hawa da taka birki. Ƙarfe ba ya jin wannan, walda ce abin dubawa. A karɓi aiki kafin a shafa fenti, domin fenti na rufe aibi. Walda mai kyau a haɗe ta ke tun daga farko har ƙarshe, wadda aka ɗiga ɗigo-ɗigo kamar kashin kaji kuwa ta ƙofar shago ce, ba ta abin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa ba.

KASUWAR KATAKO TA AMU

Akwai hanya ta uku, ita ce ta fi araha, kuma a cikin Mushin ɗin dai ta ke. Kasuwar Amu ta katako ce, da an doshe ta ƙanshin ɗanyen itace ke maye warin baƙin mai, ƙarar zarto ta maye ƙarar guduma. Yarabawa ne suka fi yawa a nan, maza da mata, katako jibge a rumfuna har rufi, garin zarto kuwa ya rufe ƙasa kamar yashi. Gobara ta yi wa kasuwar mummunar ɓarna a watan Janairu na 2020, amma 'yan kasuwa suka sake tayar da rumfunansu.

Abin da za a tambaya shi ne falanki mai kaurin inci 2, faɗin inci 12, tsawon ƙafa 12, guda biyu. Falanki ɗaya inci 144 ne, in aka yanka shi gida huɗu, inci 54 da 42 da 30 da 18, ya ƙare cif. A ɗora su bisa juna, dogon a ƙasa, gajeren a sama, ƙarshensu na baya a daidaita, sai ga matakala mai hawa huɗu, kowane hawa inci 2 a cikin ƙafa ɗaya, daidai da ƙa'idar nan da aka ambata. Kafinta ya fiƙe bakin kowane hawa don taya ta hau ba tare da tsalle ba, ya ɗaure su da dogayen kusoshi masu zare ko noti, ya kuma kafa guntun katako a ƙarshen na sama ya zama abin tare taya.

A nan ma sai an buɗe ido. Falankin kasuwa sau da yawa bai cika inci 2 ba, a auna kafin a biya. A zaɓi itace mai tauri kamar loko, wanda Yarabawa ke kira iroko, ko maɗaci, a guji farin katako mara nauyi irin obece da a ke yin akwati da shi. A guji mai tsaga da mai ɗanyen ruwa, domin in ya bushe zai murɗe. Aibin matakalar katako ɗaya ne, nauyi, kowace guda ta loko ta haura kilo 30, ga kuma gara da damshin Ikko in aka bar ta a ƙasa. Amma ba ta da rami a ciki, katako ne kan katako har ƙasa, saboda haka ba ta da inda za ta rufta.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN MOTA

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne na wannan wahala alhali ga kanikawa a kowane lungu? Amsar tana garejin bakin titi. Ramin da a ke ginawa don shiga ƙarƙashin mota ba kowa ke da shi ba a Ikko, domin ruwa na kusa, rami kan zama rijiya da damina, ga shi kuma masu gareji da yawa a filin aro su ke zaune. Tudun siminti na wuraren wankin mota kuwa akasari don danfo da manyan motoci aka gina shi. Abin da ya rage shi ne jak, da bulo, da tsohon rim, da dutse.

Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba. Mai aiki da mai, 'yar robar da ke cikinsa ce ke tare man, ranar da ta gaji sai mota ta sauko. Ƙaramin da ke zuwa da mota don canjin taya kawai aka yi shi, littafin kowace mota ya yi gargaɗi kada a shiga ƙarƙashi an dogara da shi kaɗai. Bulon siminti kuwa rami ne a cikinsa, an yi shi don ya ɗauki nauyi a baje cikin bango, in ƙarfen mota ya danne shi a wuri guda sai ya marmashe farat ɗaya. Ƙirjin babban mutum ya fi inci 8 kauri, cikin motar kuwa inci 5 ko 6 ne daga ƙasa. Ƙarƙashin babbar mota in jak ya zame akwai sauran fili, a nan babu. Wanda ta danne ba ya iya jan numfashi, balle ya yi kururuwa. Kuma wanda a kan tura ƙarƙashin nan ba mai mota ba ne, ba kuma maigidan gareji ba, yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a ne, domin shi ne siriri.

Ita ma matakala tana da ladubbanta. A ajiye ta a daɓe mai tauri kuma baje, ban da rairayi da gangare. In daɓen na da santsi a shimfiɗa tsohuwar roba a ƙarƙashinta, gama mota mai ja da baya ta kan tura ta gaba, mai ja da gaba kuwa in aka taka wuta da yawa ta kan harbo ta baya. A hau a hankali, mai nuna hanya ya tsaya a gefe, kada ya tsaya a gaba. In an hau a ja birkin hannu, a sa giya, a kashe inji, a sa waigi a bayan tayoyin baya duka biyu. Sa'an nan a girgiza motar da ƙarfi a ga ko za ta motsa, a kuma ƙara matokaran ƙarfe a ƙarƙashi don ko-ta-kwana. Aikin da sai an cire taya, kamar gyaran birki, ba na matakala ba ne, na jak ne tare da matokaran nan.

A kan ji mutane na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma an kuma ce rigakafi ya fi magani. Awon nan zai yi aiki a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano kamar yadda ya yi a Mushin, tun da motocin iri ɗaya ne. Ya kamata ƙungiyoyin kanikawa su sa wa 'ya'yansu dokar mallakar matakala da matokarai, mai mota kuma in ya ga za a tura yaro ƙarƙashin motarsa a kan bulo, yana da ikon ya ce a dakata, gama motarsa ce, kuma alhakin ba zai tsallake shi ba. Allah ya kiyaye, amin.